Ranar Da Sunana Ya Maƙale

Alhamis, 9 ga wata, da hantsi

Ban je lacca ba.

Duk sun fita, ni kaɗai ne a ɗaki. Na ce wa Dogo kaina ke ciwo. Ya diro daga gadonsa, wanda ke saman nawa, ya ɗora bayan hannunsa a goshina ya ce, "Kwanta abinka, ƙanena, duk abin da aka yi zan kawo maka." Bai yi maganar jiya ba. Ni ma ban yi ba.

Mu uku ne a ɗakin nan, ko da yake gado huɗu ne. Ni, da Dogo, da Tsoho. Tsoho ba wani tsoho ba ne, ya dai girme mu sosai. Ya yi shekaru yana koyarwa a firamare kafin ya dawo karatu, yana da mata da 'ya'ya a gida. Gado na huɗun ba katifa, nan muke jibge bokitai da takalma.

Tun da aka buɗe jami'a ban taɓa fashin lacca ba sai yau. Ina kwance ina kallon katakon gadon Dogo. An buga ƙusoshin a karkace. Da Baba ya gani da ya yi tsaki.

Ba zan rubuta abin jiya ba.

Alhamis, da yamma

Wayata sai kaɗawa take yi. Guruf ɗin 'yan ajinmu ne. Na kife ta a ƙarƙashin matashi.

Juma'a, 10 ga wata, bayan la'asar

Yunwa ta fitar da ni. Na sauka shagon da ke ƙasan bene in sayi burodi. Na nuna da yatsa, kamar yadda na saba, mai shago ya miƙo min. Ina juyowa wasu biyu da ke zaune a kan benci suka yi shiru. Da na wuce sai ɗaya ya yi wani sauti da bakinsa, ta-ta-ta-ta. Ɗayan ya shaƙe da dariya har ruwan da yake sha ya fito masa ta hanci.

Ban san su ba. Ba ma 'yan sashenmu ba ne.

Tun ina ƙarami nake da in'ina. A gida ba abin magana ba ce. In na maƙale, Yaya ta ƙarasa min, ko Umma ta ce, "Na gane, na gane," ta ci gaba da aikinta. Baba kuwa jira yake yi. Sai ya ajiye zarto, ya zuba wa ƙasa ido har kalmar ta fito, komai daɗewarta. A sakandare ajinmu ƙarami ne, kowa ya saba da ni, kuma ni nake yi musu lissafi, don haka ba mai taɓa ni. Na zaɓi karatun injiniya ne saboda lissafi ba ya neman baki. Ba wanda ya gaya min akwai ɗakin lacca mai cin ɗaruruwan mutane, kujeru hawa-hawa kamar filin ƙwallo, da lasifika a kowace kusurwa.

Burodin yana nan. Na kasa ci.

Asabar, 11 ga wata, da safe

Na kalli bidiyon da aka ɗauke ni a ɗakin lacca.

Asabar, da rana

An saka masa kiɗa. An yanko wajen da na maƙale ana maimaita shi daidai da bugun ganga. In da ba ni ba ne, wataƙila ni ma in ce wanda ya haɗa ya iya.

Haka fuskata take ashe. Ban taɓa ganin kaina a wannan halin ba. Idanu a rufe, jijiyar wuya a tashe, kai yana fizga, hannu biyu riƙe da makirufo kamar za a ƙwace. Haka Umma take ganina tun ina yaro, ba ta taɓa gaya min ba.

Dakta, malamin da ke koyar da mu lissafi, ba wani abu mai wuya ya tambaye ni ba. Amsar tambayar da ke kan allo na sani, tana rubuce a gabana. Kafin amsar ne ya ce in faɗi sunana. Sunana kawai.

Sauran suna cikin bidiyon. Har da abin da ya ce: "Ko sunan ma sai an ba ka satar amsa?"

Yanzu Janareto suke kirana.

Lahadi, 12 ga wata, da yamma

Umma ta kira, ban ɗaga ba. Na tura wa Yaya saƙo cewa ina laburare, ba a magana. Ta maido: "Umma ta ce ka riƙa cin abinci. Baba ya ce a gaishe da Injiniya. Jiya ya tsare wani da ya zo karɓar ƙofa yana ba shi labarinka har mutumin ya manta da ƙofar."

Baba kafinta ne, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ban san yana ba da labarina ba.

Na rubuta mata, "Komai lafiya lau." Na ƙara fuskar dariya.

Litinin, 13 ga wata, da hantsi

Na yi wanka, na sa rigar da Yaya ta goge min da kanta ranar da zan taho. Na bi bayan Dogo har ƙofar ɗakin laccar. Ya ce, "Share su kawai, ka tsaya kusa da ni." Na sa ƙafa ɗaya ciki. Daga can sama wani ya ɗaga murya, "A ja masa igiya!" Wani ya amsa, "Ba mai ne, a zuba masa mai!"

Ba kowa ya yi dariya ba. Na ga wata mai tabarau a layin gaba ta sunkuyar da kai. Amma waɗanda suka yi sun isa.

Na juya. Ban san lokacin da na iso hawa na ƙarshe na laburare ba. Akwai wani lungu a nan bayan kantocin tsofaffin mujallu, ba mai zuwa. Tagar tana kallon wajen ajiye motoci. Nan nake.

Talata, 14 ga wata, da rana

Ban je ba. Laburare.

Laraba, 15 ga wata, da rana

Ban je ba.

Alhamis, 16 ga wata, da yamma

Tsoho ya tare ni ina wanke kwano a bakin famfo. Ya ce, "Yaro, zo mu yi magana." Muka zauna a kan dakalin bayan ɗakunan wanka.

Ya ce, "Na koyar da yara shekara da shekaru. Wallahi waɗannan ma yara ne, gemu kawai suka fitar. Nan da mako guda za su samu wani su manta da kai. Amma in ka ci gaba da ɓuya, karatun ne zai wuce ka."

Na so in ce masa ba mantawarsu ce damuwata ba. Ni ne na gani, ni kuma ba zan manta ba. Duk lokacin da na buɗe baki yanzu sai in ga fuskar nan. Na fara, na maƙale a harafin farko. Ya jira kaɗan, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Na sani, na sani."

Bai sani ba. Amma mutumin kirki ne.

Dogo ya kawo min hotunan abin da aka rubuta a allo, kamar yadda yake yi kullum. Ya kuma zuba min shinkafar da ya dafa. Shi ne mutum na farko da ya yi min magana a jami'ar nan, ranar da na iso ina jan akwati ban san ko ina ba. Shi ya nuna min famfon da ba ya ɗaukewa, da layin da za a bi a yi rajista. In muka je sayen abu shi yake yi min magana da masu shago. Ban san yadda zan yi ba da ba ya nan.

Juma'a, 17 ga wata, da hantsi

Na yi kiciɓis da Dakta a matakalar laburare. Na manne da bango. Ya wuce yana magana a waya, ya ɗan ɗaga min hannu kamar yadda ake yi wa kowane ɗalibi.

Bai ma gane ni ba.

Asabar, 18 ga wata, da safe

Na gwada faɗin sunana a banɗaki, na buɗe famfo don kada a ji. Ya fito sumul. Na sake, ya fito. Sai wani ya ƙwanƙwasa ya ce, "Waye a ciki?" Shi ke nan.

Litinin, 20 ga wata, da rana

Yau aka yi gwajin lissafi na farko. Daga tagar nan ina hango su suna fitowa, suna ta gardamar amsoshi. Dogo ya turo min tambayoyin, ya rubuta, "Kai ƙanena, me ya sa?" Na zauna na amsa su duka a bayan wata tsohuwar takarda. Ba wacce ta ba ni wahala. Na duƙunƙune takardar na jefa a kwando.

Ban je ba. Ban je ba. Kullum sai in ce gobe.

Talata, 21 ga wata, da yamma

Ban san me ya sa nake ta kallon bidiyon nan ba. Kamar mai sosa ƙurji. Yau na samu na asalin, wanda ba a saka wa kiɗa ba, ya fi tsawo. A farkonsa wayar tana rawa kafin a daidaita ta. Ana ganin jakata a ƙasa, jingine da kujera. Ana ganin gwiwar mai ɗaukar. Sai hannu ya gifta, da agogo mai jan madauri.

Daga kujerar da ke kusa da tawa aka ɗauka.

Dariyar da ta fi kusa da wayar ma na san ta. Kullum ina jin ta daga saman kaina.

Talata, bayan magariba

Dogo ya zuba min abinci. Na ci.

Laraba, 22 ga wata, da safe

Agogon yana rataye a ƙusar da ke jikin gadonsa. Jan madauri. Wataƙila akwai irinsa da yawa a jami'ar nan.

Laraba, da yamma

Babu wani wataƙila. Ni da shi muka shiga ranar, shi ya kama mana wuri.

Ina ta shirya yadda zan tambaye shi. Kalma biyu ce kawai. Kai ne? Na san a kan "ka" zan tsaya. Na nemi wata hanyar da ba ta fara da wannan harafin ba, ban samu wadda ba ta fi tsawo ba. Zan iya rubuta masa saƙo, ga shi nan saman kaina yana latsa waya. Amma wannan da bakina nake so in yi.

Alhamis, 23 ga wata, da rana

Yaya ta kira har sau ban san adadi ba. Daga ƙarshe ta rubuto. Wata abokiyar aikinta ce a kantin maganin da take aiki ta miƙo mata waya tana dariya, ta ce zo ki ga wani. Ba ta san cewa ƙanen Yaya ne ba.

Ta ce, "Ban nuna wa Umma ba, ban gaya wa Baba ba. Don Allah ka ɗaga wayata. Ba sai ka ce komai ba, numfashinka kawai nake so in ji."

Na ɗaga. Ta yi ta magana ita kaɗai, tana zagin mutanen da ba ta sani ba. Ta ce, "Waye ya ɗauka? Ka san shi?" Na kashe.

Har garinmu ya kai. Har kantin Yaya.

Asabar, 25 ga wata, da hantsi

Hannuna na dama ya kumbura. Da ƙyar nake riƙe biro.

Asabar, da yamma

Gadon sama ba kowa. Tsoho ya wanke ƙasan ɗakin da omo, ya sake wankewa. Ɗazu ya jiƙa tsumma da ruwan sanyi ya ce, "Kawo hannun."

Kafin jiya ban taɓa dukan kowa ba a rayuwata. Ko a makarantar firamare.

Lahadi, 26 ga wata, da rana

Tsoho ya dawo daga asibitin makaranta. Ya ce an yi wa Dogo ɗinki a saman ido. Idon bai taɓu ba. Da ya faɗi haka, sai na zauna a ƙasa.

Ya ce masu tsaron makaranta sun rubuta rahoto, maganar ta fita daga hannunmu. Za a kira ni gaban kwamitin ladabtarwa.

Ya zauna a bakin gadona, sannan ya ce, "Ya ce min mutum ɗaya ya tura wa. Wai bai zaci zai bazu ba. Wai shi ya sa yake ta yi maka hidima." Ya kalle ni. "Ban ce ka yafe ba. Na dai faɗa maka abin da ya ce."

Ban so ya faɗa min ba. Da ina da tabbacin abin da nake ji, yanzu kuma ya dagule.

Ba don bidiyon na yi ba. Na tambaye shi, na maƙale kamar yadda na san zan yi, sai ya… A'a. Ba zan rubuta ba.

Talata, 28 ga wata, da safe

Dogo ya aiko an kwashe kayansa, ya koma ɗakin wani ɗan garinsu. Ya bar tukunyarsa da risho. Wanda ya zo kwasar ya ce wai a bar min, ba ni da nawa.

Na tura su ƙarƙashin gado na huɗu.

Laraba, 29 ga wata, da yamma

Gobe ne. Na rubuta duk abin da zan ce a takarda, Tsoho ya karanta ya gyara min wuri biyu. Ya ce zai zo ya ba da shaida, ko da zai rasa laccarsa.

A ɗakunan kwana yanzu ba mai yin sautin nan in na wuce. Matsa min hanya suke yi. Na ji wani yana cewa, "Rabu da shi, ba shi da lafiya." Ban san wanne ya fi ba.

Alhamis, 30 ga wata, bayan azahar

Dogon tebur ne, su a can ɓangaren, ni a nan. Ɗakin da sanyi ƙwarai, amma rigata ta jiƙe. Dogo yana gefe da filasta a goshi, bai ɗago kai ba.

Shugaban kwamitin ya buɗe fayil ya ce, "Faɗa mana sunanka da sashenka."

Na ji agogon bango. Na ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Na ji kaina ina yin sautin nan, irin na cikin bidiyon sak, a gaban manyan mutane. Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya ya duba agogonsa. Wata malama mai furfura da ke ƙarshen teburin ta ce, "Ranka ya daɗe, sunan ai yana gabanmu." Na miƙa takardata. Shugaban ya ajiye ta a gefe ya ce, "Za mu duba. Amma da bakinka muke so mu ji. Ka doke shi ko ba ka doke shi ba?"

Na gyaɗa kai.

"Ya fara taɓa ka?"

Na girgiza kai.

Tsoho ya yi magana mai tsawo, har aka ce ya taƙaita. Ya ce a kalli bidiyon. Shugaban ya ce wannan wata magana ce daban, yau zancen jini ake yi. Malamar ta ce ita a ganinta magana ɗaya ce. Ba wanda ya tanka mata. Sunan Dakta bai fito ba ko sau ɗaya.

Da aka tambayi Dogo, ya ce, "Ni na yafe. Don Allah kada a kore shi, ya fi mu ƙoƙari duka." Muryarsa ta karye a ƙarshe. Na tsani yadda na ji tausayinsa.

An ce mu jira a waje. Ba a daɗe ba.

Alhamis, da yamma

An dakatar da ni sai shekarar karatu mai zuwa. In na dawo, daga farko zan soma. Dogo kuwa an ja masa kunne.

Sun ce sai mahaifina ya zo da kansa.

Juma'a, 31 ga wata, da hantsi

Na roƙi Yaya ta gaya masa. Ta ce, "Duka?" Na rubuta, "Duka."

Na zagaya makarantar yau, tunda ba abin da ya rage. Ashe akwai wani lambu a bayan sashenmu, da kujerun siminti. Ashe akwai ɗakin gwaje-gwaje mai manyan tagogi inda 'yan aji uku suke murƙushe bulon siminti da inji su ga ƙarfinsa. Na daɗe a tsaye ina leƙe. Nan nake so in kai.

Litinin, 3 ga sabon wata, da yamma

Baba ya zo da hantsi. Ya sa kayansa masu kyau, waɗanda ba ya sakawa sai da dalili. Na hango shi a bakin ƙofar ofis riƙe da hularsa a hannu, ya yi ƙanƙanta a cikin dogon barandan nan. Ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta ba.

An yi masa bayani, ya ce, "To." An nuna masa inda zai sa hannu, ya sa. Ya yi godiya. Me ake gode wa?

A ɗaki ya zauna a bakin gadona yana kallon akwatin da na riga na ɗaure. Tsoho ya gaishe shi ya fita ya ba mu wuri. Can sai Baba ya ce, "Nuna min abin."

Na girgiza kai.

Ya ce, "Injiniya, nuna min."

Na ba shi na asalin. Ya nisanta wayar da idonsa saboda bai zo da tabarau ba. Ya kalla tun daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Da dariyar ta tashi na ga babban yatsansa yana shafa gefen wayar, kamar yadda yake shafa katako in yana neman inda bai yi santsi ba.

Ya ce, "Wannan mai maganar, shi ne malamin?"

Na gyaɗa kai.

Ya miƙo min wayar.  Sannan ya ce, "Ba su jira ka ba."

Nan na kasa. Na kifa kaina a gwiwarsa kamar ƙaramin yaro. Bai ce in yi shiru ba.

Muna saukowa da kaya muka haɗu da Dogo a matakala. Ina jin da gangan ya tsaya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baba. Baba ya kalli filastar, ya kalle ni, ya gane.

Ya ce, "Idon yana gani?"

"Yana gani, Baba."

"To alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri, ɗana. Ban koya masa haka ba."

Dogo ya fashe da kuka, ya ce shi ne mai laifi. Baba ya ɗora akwatina a kafaɗa ya wuce. Na so ƙasa ta tsage. Ubana, da furfurarsa, yana ba wa wannan haƙuri saboda ni.

Tsoho ya raka mu har bakin titi. Ya ce, "Yaro, shekara ba ta da wuya. Ka dawo, ka ji? Za ka same ni." Na gyaɗa masa kai don ya ji daɗi.

Laraba, 5 ga wata, da rana

Gida. Umma sai zuba min abinci take yi tana cewa na rame. Ba ta tambaye ni komai ba, kuma ta daina cewa "na gane". Yanzu in na maƙale sai ta tsaya cak da ludayi a hannu, idonta ya ciko. Wannan ya fi min ciwo. Yaya ta goge min duk abin da ke wayata, ta fitar da ni daga guruf ɗin. Ta ce ta nemo wani likitan magana a babban asibiti. Na ce mata to.

Littattafaina suna cikin akwati. Ban kwance igiyar ba.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Na gaji da kwanciya, na bi Baba shago. Ya miƙo min sanfefar goge katako ya nuna min ƙafafun wani tebur. Na yini ina gogewa. Aikin ba ya neman baki.

Wajen la'asar mai walda na kusa da mu ya leƙo aron guduma. Tun ina rarrafe ya san ni. Ya washe baki ya ce, "A'a! Injiniya da kansa! Yaushe a gari? Har an ba da hutu ne?"

Baba ya tsayar da zarto. Ya zuba wa ƙasa ido, yana jira.

Na ce, "Eh, Kawu, hutu aka ba mu."

Haka ta fito, tiryan-tiryan, ko gargada babu. Tun da aka haife ni ban tuna na yi wa wanda ba ɗan gidanmu ba jimla mai santsi irin wannan ba. Mai walda ya sa min albarka, ya ɗauki gudumarsa ya tafi.

Baba bai ɗago ba. Ya daɗe a haka, zarton yana cikin katakon. Sannan ya ci gaba da yanka.